Bango Mai Taya: Masu Zane da Rubutu a Hanyar Bodinga

Duk wanda ya taɓa yin sammako daga Mandera ko Dandin Mahe ya hau babban titin da ya taso daga Jega, ya ratsa Tambuwal da Shagari da Bodinga ya faɗa Sakkwato, ya san abin da ake kira maƙalewa a bayan babbar mota. An danƙare ta da albasa ko shanu, tana tafiyar hawainiya, ga motoci na tahowa ta gaba, babu halin wucewa. A nan ko kana so ko ba ka so sai ka yi karatu. Zaki ya wage baki a ƙyauren baya, shaho ya buɗe fukafukai a samansa, a ƙasa kuma an rangaɗa da jan fenti mai baƙar inuwa: HASSADA GA MAI RABO TAKI. Kafin direbanku ya samu sarari ka karanta shi sau goma, ka ƙirga haƙoran zakin, har ka gano ƙafarsa ta baya ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo.

Da ka shigo gari sai ido ya koma ga wani irin bango. Duk inda ake gini, gidan mai ne, rukunin shaguna ne, ko gefen tasha da ake gyarawa, an kewaye shi da langa-langa. Tsirara yake, tsatsa na cinsa daga ƙasa, fastocin 'yan takara sun hau juna bakwai-bakwai, na bara a ƙarƙashin na bana, rana ta kodar da fuskokin har ba ka bambanta wanda ya ci da wanda ya faɗi. In akwai rubutun hannu a jiki, bai wuce na gawayi ba: AN HANA FITSARI A NAN. Warin wurin kuma shi zai gaya maka iyakar inda dokar ta tsaya.

A wasu biranen duniya irin wannan shinge abinci ne ga masu zane. A Sidni ta Ostareliya hukumar birni ta wajabta wa masu gini a wuraren da jama'a ke yawan wucewa su lulluɓe shingayensu da zane ko tsofaffin hotunan garin. A Legas, a 2017 da jihar ta cika shekara 50, Polly Alakija ta zane ginshiƙan ƙarƙashin gadar Falomo, wurin da a da mutum ke toshe hanci ya wuce da sauri ya zama inda ake tsayawa ɗaukar hoto. Mu a nan hannun da zai yi wannan aiki yana nan, zaune a bakin titi ƙarƙashin dogon yaro, sai dai bangon da aka saba ba shi taya gare shi, yau yana Illela gobe yana Ibadan.

Ɗaya daga cikin masu irin wannan hannu na yi wa wuni. Dattijo ne, gemu ya yi furfura, rumfarsa na bakin titin nan tsakanin Bodinga da Sakkwato, jingine da shingen wani gini da aka fara aka bari tun yaran shagon na goye. Direbobi na ce masa Atis, yaransa na ce masa Maigida, ni kuwa Baba na kira shi, ya amsa. Kayan aikinsa duka ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba: gwangwanayen fentin mai guda biyar ko shida, burusai a cikin gwangwanin madara da aka cika da kananzir, alli, zare, reza, samfefa, da wani dogon katako da ya yi santsi don riƙo, wanda shi ne rularsa. A jikin rumfar an rataye allunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Akwai na mai aski, akwai na wani mai ɗorin karaya, akwai na wata makarantar Islamiyya da aka yi rabin biya. Shi ma wannan wani sashe ne na sana'ar, ajiyar aikin da aka ci bashinsa.

Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce ba wajen mai fenti ya fara ba.

"Ɗana, ga allo munka faro. Malaminmu in yaro ya kusa sauka, ni aka ba allon in yi mai zayyana. Can hannu ya zauna. Fenti daga baya yaz zo."

Wannan amsa ba ta ba ni mamaki ba, don ƙasar da muke zaune a kanta ƙasar alƙalami ce. Sifawa tana nan cikin ƙaramar hukumar Bodinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga kafin ya tare a Gwandu. Yaron da ya tashi a nan da alƙalamin kara da tawadar da aka dama da ƙaro ya riga ya san abubuwa uku da mai rubutun allon talla ke rayuwa a kansu: yadda ake riƙe numfashi a ja layi ɗaya ba a ɗaga hannu ba, yadda ake raba fili tun kafin a sa baƙin farko, da yadda ake cike gefe da ado ba tare da adon ya danne rubutun ba. Allon zayyana da ƙyauren gingimari ba su da nisa da juna kamar yadda mutum zai zata. Ka dubi gefen kowace tsohuwar mota mai bodin katako, ka ga 'yan murabba'ai da kusurwoyin da aka jera launi-launi, sannan ka tuno allon saukar ƙanenka.

Akwai kuma wata jijiyar ta magina. Hausawa sun daɗe suna yi wa fuskar gida ado. A Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, magina sun yi suna wajen fito da zane a jikin zaure tun laka na ɗanye, dagi da takobi da sauran siffofi, da zamani ya zo kuma suka shigar da keke da mota da jirgin sama a cikin adon. Siminti da bulo sun kashe yawancin wannan, don bangon siminti ba ya ba magini lokacin da zai yi wasa da yatsa. Abin da laka ta saki, fenti ya tsinta.

Ina zaune aka kawo aikin ranar. Wata tsohuwar Marsandi 911 ce, irin mai gajeren hancin nan da ta ƙi mutuwa, an yi mata sabon ƙyauren baya a wajen kafinta. Direban ya diro, ya gaisa, ya tsuguna, ya ce yana son masallacin Madina a tsakiya, furanni a gefe, a sama kuma a sa MAHAƘURCI MAWADACI. Karen motar daga can saman bodi ya ce a ƙara damisa. Direban ko waiwayowa bai yi ba.

Aka yi ciniki irin na mutanen da suka san juna, wanda rabinsa tsiya ce. Direba ya ce fentin bara bai kai sallah ba ya kode. Baba ya ce motar da ke kwana a rana tana wanka da omo ko fatar mutum ce sai ta kode. Aka tsaya a kan direba zai sayo fenti da kansa, Baba ya karɓi kuɗin hannu. Haka yawancin cinikin yake tafiya yanzu, don tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuma Naira ta faɗi, mai zane ba ya yarda ya yanke farashi da kayan aiki a ciki. Kafin ya gama aikin gwangwanin ya canza kuɗi.

Ranar farko ta yara ce. Su za su goge katakon da samfefa, su cike ramukan ƙusa da tsagar katako, su shafa farin fenti na shimfiɗa, a bar shi ya sha iska. Yaro kan yi shekara yana wannan da wankin burushi kafin a bar shi ya cike cikin harafin da Maigida ya riga ya zagaye. Wannan motar an riga an yi mata shimfiɗa, don haka na ga abin da na zo gani. Baba ya turmuza zare a garin alli, yaro ya riƙe baki ɗaya, shi ya riƙe ɗaya, suka ɗame shi a jikin katakon, ya kama tsakiya da yatsa biyu ya ja ya saki. Tas! Layi ya fito miƙe kamar an sa rula. Ya yi na biyu a ƙasa, tsawon harafi ke nan. Sai ya ƙirga haruffan da yatsa, har da gurbin da ke tsakanin kalmomin biyu, ya nemo na tsakiya, ya fara daga nan. Ya rubuta rabin dama zuwa ƙarshe, ya dawo ya rubuta rabin hagu da baya-da-baya.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faro daga farko ba?"

Ya ce, "Wanda duk ya faro daga farko, ƙarshe shina matse mai. Ba ka ganin allunan da harafin ƙarshe ke hawan ɗan'uwanai awa an tura su mota?"

Ina ganinsu kuwa, kullum. Tun daga ranar ban sake wuce allon shago ba sai na duba wutsiyarsa, a nan ake gane na gwani da na ɗan koyo.

Burushin da ya ɗauka na rubutu ba haka aka sayo shi ba. Na kasuwa ne mai arha, ya aske shi da reza ya mayar da bakinsa kamar na kurfi, yadda in ya kwantar da shi zai ba da layi mai kauri, in ya karkata ya ba da siriri, kamar dai yadda ake fere alƙalami. Yana tsoma shi, ya shafe rabin fentin a jikin langa-langar da ke bayansa, sannan ya kai ga katako. Ɗan yatsansa na ƙarshe ne ke tokare da allon yana tafiya da hannun. Ba ya magana in yana jan layi. In ya kai ƙarshen harafi sai ya saki numfashi, ya ci gaba da labarin da ya yanke daidai inda ya tsaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar launi. Gwangwanaye biyar yake saye, fari da baƙi da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sauran duk a murfin gwangwani ake haifarsu. Shi da yaransa kuma ba sa kiran launi sai da sunan abin da ido ya sani. Ka ji yana cewa a ƙara fari, wannan ruwan bula ne, shi ruwan omo yake so. Ko ya ce ruwan goron ya yi ja da yawa, a mayar da shi na goron da aka fara tauna. Akwai ruwan makuba, akwai ruwan hoda, akwai ruwan toka, akwai ruwan ƙasa, kore ma kashi-kashi ne, na ɗanyen ganye daban, na ganyen da ya sha ƙura daban. Ƙubbar masallacin Madina kuwa ba ya barin yaro ya haɗa korenta. Ya ce wannan kore ɗaya ne a duniya, duk alhajin da ya je ya gani, in ka kuskure shi ko a guje motar ta wuce sai an gane. Filin jirgin Sultan Abubakar III, inda maniyyatan jihar ke tashi, ba shi da nisa da rumfarsa, don haka alƙalan aikinsa a kan titin suke.

Yanayi ma yana da bakin magana a sana'ar. A watan Maris da Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, fenti na bushewa a bakin burushi kafin ya isa katako, ƙarfe kuma ba ya taɓuwa da rana tsaka. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: ka gama shafe fili sumul, iska ɗaya ta taso ta yayyafa masa rairayi ya koma kamar samfefa. Saboda haka aikin kirki daga bayan asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ja ne ke fara mutuwa a rana, shi ya sa tsofaffin alluna duk suke komawa shuɗi-shuɗi da fari, kuma shi ya sa yake yi wa jan harafi baƙar inuwa: ko jan ya tafi, inuwar za ta riƙe kalmar.

Na kawo masa zancen hoton abu mai rai, don na san malamai da yawa na ƙyamarsa, a wannan yanki kuma maganar malamai ba abin wasa ba ce. Ya ce da ƙuruciya babu abin da bai zana ba, 'yan wasan Indiya, masu kokawa, mahaya dawaki, wani ƙato mai bindiga da ɗamara a goshi da direbobi suka yi yayi. Tun da gemu ya yi fari ya bar fuskar mutum. Masallaci, furanni, wata da tauraro, dagi, jirgin sama, waɗannan ko nawa ne. Na ce zaki fa? Ya yi dariya ya nuna babban yaronsa da haɓa. Ashe an raba aiki: Maigida na da Madina, yaro na da namun daji. Ban ce wannan fatawa ce ba, amma dai shago na ci.

Shekarun da ya fi tunawa da daɗi su ne na siyasa, kuma a nan ba sai an yi nisa ba, don garin Shagari na nan kan titin. A 1979 da Alhaji Shehu Shagari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a NPN, alamar jam'iyyar gida ce da masara, ta PRP ta Malam Aminu Kano kuma mabuɗi. Yawancin masu zaɓe a ƙauye da alama suke gane jam'iyya, ba da haruffa ba, kamar yadda iyayensu suka san fartanyar NPC da tauraron NEPU. Kowace alama kuwa hannu ne ke zana ta, a bango, a ƙyalle, a ƙofar ofishin mazaɓa, a jikin motar kamfe. Mai zane a lokacin ba ya tambayar wa za ka zaɓa. Da safe ya yi masara, da yamma ya yi mabuɗi, ya wanke burushi ya kwanta. Daga baya lema da tsintsiya suka zo, suka ɗan ba da abinci, kafin injin buga bana ya iso ya kwashe kasuwar gaba ɗaya.

Wannan inji shi ne ciwon da ke cin sana'ar. Yaro mai kwamfuta zai haɗa maka allo da hotonka da na kayan shagonka, a buga a leda mai faɗi cikin awa ɗaya, a kuɗin da bai kai na fenti ba. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma can nake zuwa in an matsu. Amma akwai abin da ya same ni da har yau in na tuna sai na ji kunya. Bikin ƙanwata muka ba wani shagon buga bana aikin ƙyallen da za a rataya a ƙofar gida, a rubuta MARABA DA BAƘI. Aka kawo da daddare, aka ɗaura, gari ya waye sai ga MARABA DA BAKI, ƙato-ƙato, da furanni a gefe. Na'urarsu ba ta da ƙ mai lanƙwasa, yaron kuma bai ga abin damuwa ba. Abokan wasa suka samu na yi, duk wanda ya zo sai ya nuna bakinsa ya ce to ga shi ya amsa gayyata, ina tuwo. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 aka tsayar da su a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta tashi da su. Yau ga mu da injin da ke buga hoton mutum har da ƙurajen fuskarsa, amma ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinsa. Burushi bai taɓa samun wannan matsala ba. Na lura da Baba lokacin da ya zo kan Ƙ ta MAHAƘURCI, ya ɗan juya wuyan hannu ya sauke mata ƙugiyarta a sama, bai ko san ya yi wani abu ba. In kuma ajami kake so a ƙarƙashin boko, don tsofaffin da shi suka iya, a take zai juya hannu ya faro daga dama.

Abin da ya rage wa masu burushi shi ne inda leda ba ta zama. Bodin katako da ke shan rana da ruwa da gogar kaya. Jikin tanka. Robar bayan tayar kabu-kabu da Keke Napep, inda ake matse karin magana guda a fili kamar tafin hannu. Bangon makarantun firamare da na kuɗi, inda ake son taswirar Nijeriya da baƙaƙen boko da sassan jikin mutum. Bangon asibitin karkara, inda shekara da shekaru ana rubuta kiran a kai yara rigakafin shan inna, har bayan Agustan 2020 da aka tabbatar nau'in cutar na asali ya ƙare a Afirka. Sai kamfanonin waya da na kayan miya da ke biya a shafe shago sukutum da launinsu, aikin da Baba ke kira na leburanci, don kwali ake ba ka da aka riga aka huda, kai dai ka dangwala. Shi ma yana da nasa hudajjun na lambobi, ya yanke su daga tsofaffin ledojin hoton ƙashi na asibiti, wai sun fi kwali jure kananzir. In ka ɗaga lamba 8 ɗinsa a rana sai ka ga haƙarƙarin wani bawan Allah.

Masu wannan sana'a ba su cika ɗaukar kansu a bakin komai ba, mutane ma haka. Wanda ya yi digirin zane a Jami'ar Ahmadu Bello shi ne mai fasaha, na bakin titi kuwa mai fenti ne. A ganina wannan rabon bai yi adalci ba. Chéri Samba na Kinshasa, wanda zanensa ke rataye a manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka, da rubuta allunan talla ya fara. A Pakistan adon manyan motoci ya zama abin alfaharin ƙasa, a Dakar kuma ƙananan bas-bas ɗin nan masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa sun zama tambarin birnin. Namu kuwa in bodi ya tsufa, masallacin da zakin da karin maganar duk a murhun mai shayi suke ƙarewa.

Shi ya sa na koma kan zancen da ya kawo ni. Na nuna masa a waya hotunan shingayen gini da aka zane a wasu ƙasashe, na ce in an ba shi irin wannan zai iya? Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo. Bai ce yana da kyau ba, bai ce ba shi da kyau ba. Tambayar farko da ya yi ita ce shingen nasu shafaffe ne ko mai tudu da kwari. Na ce katako ne shafaffe. Ya ce to sun huta. Langa-langa, in ji shi, mugun allo ne. Sabo yana da maiƙo a jiki, in ba a wanke shi an yi masa shimfiɗa ba fentin zai ɓare kamar ɓawon rogo. Tudu da kwarinsa kuma na cinye harafi: wanda ya tsaya a gabansa zai ga daidai, wanda ke tahowa a mota daga gefe rabin kowane harafi ya ɓuya masa a kwari. Dole a faɗaɗa haruffa, a rage kalmomi, a bar ƙananan ado. Ya ce zanen tasha ba na mai tsayawa ba ne, na wanda ke leƙowa ta tagar mota ne da kaya a cinya, in bai gane shi a ƙiftawa biyu ba an yi asarar fenti. Duk wannan ya faɗe shi ne ba tare da ya taɓa zana shinge ko ɗaya ba. Sama da shekara arba'in yana yi wa mai gudu rubutu.

Na ce to me zai zana in an ba shi shingen babbar tashar Sakkwato? Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce raƙuma da kaya, a jere, yadda duk tsawon shingen zai zama ayari ɗaya. Na tuna masa ya bar abu mai rai. Ya ce yaro zai yi raƙuman, shi ya yi kayan. Sai Hubbaren Shehu, sai kwale-kwale a gulbin Rima, sai buhunan albasa, sai sunayen garuruwan da motoci ke zuwa, da boko da ajami, kowanne a daidai layin da ake lodinsa, yadda tsohuwar da ta fito daga ƙauye ba sai ta bi 'yan kamasho tana tambaya ba. Wannan na ƙarshen ni ban taɓa tunaninsa ba.

Gine-gine dai ba za su ƙare ba. A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, mai tsawon kilomita 1,068, ga gadojin sama da aka yi a cikin gari, ga tashoshi da kasuwanni da kullum ake rushewa ana sakewa. Kowane ɗan kwangila sai ya sayi langa-langa. Kuɗin fentin da zai rufe shi bai kai na buhunan simintin da ke zubewa a hanya daga Kalambaina ba. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce shi dai ba a taɓa aiko masa ba, kuma bai san ƙofar da ake bugawa ba. Da ya ga na yi shiru sai ya ƙara da cewa ko an zana ma, ran da gini ya ƙare kwance shingen za a yi a sayar wa masu awon ƙarfe. Na ce hakan ba zai dame shi ba? Ya nuna titi da burushi. Ya ce wace mota ce cikin waɗanda ya zana ta taɓa dawowa ta gaishe shi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya sa wa ƙubbar ɗan farin da ke nuna hasken rana a gefenta. Direba ya dawo daga masallaci, ya ja da baya taku biyar, ya karkata kai, ya ce Madina ta yi. Karen motar ya sake tambayar damisarsa, aka ce ya tara kuɗi. Baba ya ce a bar motar ta kwana fentin ya kama. Direban ya ce lodi na jiransa a Illela, ya yi rantsuwa zai bi a hankali, kowa kuma ya san ƙarya yake. Ta tashi da hayaƙi, ta hau kwalta, ƙurar wata tirela ta bi bayanta.

Yaran suka hau wanke burusai. Kowanne in an tsamo shi daga kananzir sai a shafe shi a jikin langa-langar nan ta bayan rumfa, sama da ƙasa, har ya daina ba da launi. Sai a lokacin na dube ta da kyau. Daga ƙasa zuwa iyakar inda hannun yaro ke kaiwa babu tsatsa ko ɗigo, shekaru sun hau kan shekaru, ruwan goro a kan ruwan omo, ruwan makuba a kan koren Madina, nan an gwada wutsiyar wani harafi, can rabin idon zaki. Wani mai kabu-kabu da ya tsaya shan ruwa ya jingina babur ɗinsa a jiki, ƙaramin yaron ya daka masa tsawa ya ce ya matsa, bai bushe ba.